Yadda Ake Gane Ƙananan Ƙwarin Akurkin Kaji da Yadda Ake Maganinsu

Mafi yawan masu kiwon kaji a bayan gida ba sa lura da ƙwari sai bayan kajin sun fara nuna alama. Ƙwai ya ragu alhali ba a canja abinci ba, zankon zakara ya koɗe, kaza mai kwanci ta tashi daga kan ƙwanta saura kwana kaɗan ta ƙyanƙyashe ta ƙi komawa, ko kuma magariba ta yi kajin suna ta kewaya bakin akurki suna ƙin shiga. Wani lokaci ma mai gidan ne zai shiga ɗebo ƙwai ya fito yana susar hannu da wuya. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a ce ƙuma ce, a aiki yaro kasuwa ya sayo hodar ƙwari, a barbaɗa wa kajin, bayan mako biyu kuma a koma gidan jiya.

Abin da ke jawo haka shi ne kalmar ƙuma a bakinmu ta haɗa halittu aƙalla biyar waɗanda rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Akwai waɗanda a jikin kaza suke haihuwa su mutu, akwai waɗanda a tsagar bango da ta katako suke wuni sai dare ya yi su hau kaza su sha jini su koma, akwai kuma waɗanda uwar tana manne a kan kaza amma ƙwanta da tsutsarta suna cikin ƙasar akurki. Magani mazaunin ƙwaro yake bi. Wanda ya yi wa kaza hoda alhali abokin gabarsa yana cikin bango, kuɗinsa kawai ya zubar. Saboda haka aikin farko bincike ne, kuma sau biyu ake yin sa, da rana da kuma da dare.

Mataki na ɗaya: binciken jikin kaza da rana

A kama kaji uku ko huɗu, a tabbata akwai zakara a cikinsu da kaza mai kwanci idan akwai, domin waɗannan biyun sun fi tara ƙwari: zakara bai cika yin birgima a ƙasa kamar kaza ba, mai kwanci kuwa kwana 21 take yi a wuri ɗaya mai ɗumi. A fito da su inda akwai haske sosai, a fara daga kai.

Idan aka ga wasu ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko ruwan ƙasa sun taru a gefen ido, a kan zanko, ko a naman da ke reto ƙarƙashin baki, aka taɓa su da yatsa ba su gudu ba, aka kankara da farce aka ji sun kafe, wannan ita ce ƙumar kaji ta ainihi, wato ƙuma mai mannewa. Macen tana cusa bakinta cikin fata ta zauna makonni tana shan jini a wuri ɗaya, ƙwanta kuwa yana faɗowa ƙasa ya ƙyanƙyashe a cikin ƙura da shara. Ta fi son busasshiyar ƙasa mai rairayi, shi ya sa ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa. Babbar kaza tana iya jure ta na wani lokaci, amma 'yan tsaki tana kashe su, kuma idan ta yi yawa a gefen ido fatar kan kumbura har idon ya rufe.

Daga kai sai a juya kazar a buɗa gashin da ke kewaye da dubura, sannan ƙarƙashin fiffike, sannan ƙirji. Idan aka ga wasu ƙwari dogaye kaɗan, masu launin kara, tsawonsu kamar milimita 2 zuwa 3, wato kamar ƙwayar riɗi, suna gudu suna ɓuya da zarar haske ya same su, ƙwarƙwatar kaji ce. Shaida ta biyu a kanta ita ce wani farin dunƙule kamar busasshen ƙulli da ke manne a gindin gashi, wanda ba ya fita da kakkaɓewa. Ƙwanta ke nan. Ƙwarƙwatar kaji ɓawon fata da gashi take ci, tana hana kaza barci da ƙiba, amma duk rayuwarta a jikin tsuntsu take yin ta, idan ta faɗo ba ta wuce 'yan kwanaki za ta mutu, kuma ba ta zama a kan ɗan Adam. A cikin ƙwarin nan duka ita ce mai sauƙin sha'ani.

Idan kuwa gashin dubura ya yi baƙi ya yi datti kamar an shafa masa kunkunniya, aka kuma ga wasu ɗigo ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su kai milimita 1 ba, suna tafiya a hankali a kan fata har suna hawa hannun wanda ya riƙe kazar, to wani ƙwaro ne mai shan jini da ke zama a jikin kaza da cikin gurbin ƙwai. Sau da yawa a kan ɓawon ƙwai ake fara ganin sa yana yawo. Shi ne ke korar kaza daga kwanci.

A ƙarƙashin fiffike, inda babu gashi sosai, a duba ko akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu duhu, kamar ƙwayar gero, da suka manne a fata. Waɗannan 'ya'yan kaskar kaji ne, kuma ganin su yana nufin iyayensu suna cikin bango. Za a zo kansu a binciken dare. A ƙarshe a duba ƙafa. Lafiyayyar ƙafa ɓawonta a kwance yake sumul. Idan ɓawon ya ɗaga, ya yi kaushi, wani farin gari ya taru a ƙarƙashinsa har ƙafar ta yi kauri kamar an yaɓa mata laka, wani ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa a ƙarƙashin ɓawon. An fi ganin haka a tsofaffin kaji, kuma idan aka bar shi yakan gurgunta su.

Mataki na biyu: binciken akurki da dare

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci, domin ƙwarin da suka fi ɓarna ba a cika samun su a jikin kaza da rana ba. Bayan sallar isha'i da kamar awa ɗaya ko biyu, lokacin da kaji suka natsu, a ɗauki tocila da farin ƙyalle ko farar takarda a shiga. A goga ƙyallen a ƙarƙashin sandar da suke hawa su kwana, musamman wajen da sandar ta haɗu da bango. Idan ya fito da jan zane-zane kamar an murtsuke sauro, jan ƙwaron dare ne, wanda likitocin dabbobi ke kira Dermanyssus gallinae. Kafin ya sha jini launin toka gare shi, bayan ya sha sai ya koma ja. A bakin tsagar da yake ɓuya akan ga wani gari mai fari da baƙi kamar tokar sigari, wanda kashinsa ne da saɓarsa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babba mai yin ƙwai kwana 7 kacal yake ɗauka, shi ya sa akurkin da ke lafiya a farkon bazara kan cika da shi kafin ruwan farko ya sauka. Yana kuma iya yin watanni ba tare da ya sha jini ba.

Wanda ba ya son shiga da dare yana iya yanko kwali irin mai ramuka a tsakiya, ya naɗe shi, ya ɗaure a ƙarƙashin sandar kwana, bayan kwana biyu ya kwance ya buga shi a kan farar takarda. Idan akwai ƙwaron zai zubo. Wannan tarko yana da amfani har bayan an yi magani, domin da shi ake sanin ko aikin ya ci.

Daga nan a haska tsagogin bango, a zura bakin wuƙa a ciki a ja. Kaskar kaji ba irin kaskar shanu ba ce mai kumbura kamar ƙwallo. Ita a baje take, mai siffar ƙwai, fatarta da laushi, babbarta kan kusanci santimita 1, launinta tsakanin ruwan ƙasa da shuɗi-shuɗi idan ta ƙoshi. Sunanta a littattafan likitoci Argas persicus. Manyan suna fitowa da dare su sha jini cikin ɗan lokaci su koma, 'ya'yan ne kawai ke mannewa a jikin kaza na 'yan kwanaki. Ta fi son ƙasashe masu zafi da fari irin namu, da akurkin laka, da tsohon katako, da ɓawon bishiyar da kaji ko zabi ke hawa su kwana. Ni kaina na taɓa yi wa kajina hoda har sau uku a wata guda, ina zargin mai sayar da ita da algus, ashe kaskar tana cikin ɓawon wata tsohuwar bishiya da ke jingine da katangar akurkin. Ranar da na ɓamɓare ɓawon na ga abin da ya hana ni cin tuwon dare.

Haɗarin kaskar nan ya wuce shan jini. Tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke sa kaza zazzaɓi, da koren zawo, da kasala, har ƙafafu su shanye. Alamomin sun yi kama da na annobar nan ta lokacin hunturu da likitoci ke kira Niyukasil, don haka mutane kan ɗauka ita ce su sallama, alhali cutar da kaskar ke kawowa tana jin magani idan an kai wa likitan dabbobi da wuri, kuma yana iya tabbatar da ita ta hanyar duba ɗigon jini. Duk wanda ya ga kaska a bango kuma kajinsa suna koren zawo, ya gaya wa likita abubuwan biyu tare.

Kuɗin cizo ma yakan zauna a akurki, a irin tsagogin nan, kuma kowa ya san kamanninsa da warinsa. Maganinsa ɗaya ne da na kaska, sai dai a kula kada ya biyo tufafi ya shiga ɗaki.

Mataki na uku: rarrabe ƙwarin ƙasa

Ba duk abin da ke motsi a akurki ne abin kashewa ba. Gara abinci ce mai kyau ga 'yan tsaki da 'ya'yan zabi, har ma a ƙauyuka ana kifa tsohuwar tukunya da aka cika da kara da busasshen kashin shanu aka yayyafa wa ruwa don a tara ta. Laifinta kawai cin ginshiƙin akurki. Haka nan idan aka tona jiƙaƙƙen kashin kaji aka ga manyan tsutsotsi masu kauri, masu gaɓa-gaɓa, launin toka ko ruwan ƙasa, tsawonsu kamar santimita 2, waɗannan na wani baƙin ƙuda ne mai kama da zanzaro wanda ba ya cizo kuma ba ya sauka a kan abinci. Suna cinye kashin, suna rage wa ƙudan gida wurin haihuwa, kaji kuma suna son su.

Ƙananan fararen tsutsotsi masu tsinin kai su ne na ƙudan gida, kuma a lokacin zafi cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama ƙuda. Ganin su yana nuna akwai danshi: ko mazubin ruwa yana yoyo, ko rufi yana zuba, ko kashi ya taru. Feshi ba ya maganin ƙuda muddin danshin yana nan. Akwai kuma wani ɗan baƙin ƙwaro mai sheƙi, kamar rabin ƙwayar wake, da ke taruwa ƙarƙashin mazubin abinci da cikin dusar katako. Shi da ƙuda da tururuwa duk suna ɗaukar ƙwan tsutsar ciki mai faɗi, kaza ta ci su ta kamu. Kyankyaso kuma akwai irinsa da ke ɗauke da tsutsar idon kaji. Saboda haka gidan da ƙwarin nan suka yi yawa ya kamata a tambayi likita batun maganin tsutsar ciki.

Kiyashi yana zuwa ne saboda fasasshen ƙwai da ragowar abinci, kuma yakan rufe ɗan tsakon da ke cikin fasa ɓawo. Kwarkwasa ita ce mai kisa a dare ɗaya, musamman da damina a wurare masu ciyayi, domin takan mamaye 'yan tsaki da kaza mai kwanci. Idan akurkin mai ƙafafu ne, a sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai ɗan mai a ciki, a kuma sare duk reshe ko ciyawar da ke taɓa jikinsa. Sauro kuwa, ban da shan jini, shi ne babban mai yaɗa ƙurajen nan masu ɓawo da ke fitowa a zanko da gefen idon kaji da damina. Maganinsa zubar da kwantaccen ruwa da sa raga a taga, ƙurajen kuma suna da allurar rigakafi da ake soka wa a fatar fiffike, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu yin ta.

Mataki na huɗu: aikin akurki

Idan binciken ya nuna jan ƙwaron dare, ko kaska, ko kuɗin cizo, ko ƙuma mai mannewa, mafi yawan aikin a kan ginin yake. A zaɓi ranar da babu hadari, a fara da sassafe don komai ya bushe kafin magariba. A fitar da kajin zuwa inuwa, a fitar da mazubin abinci da na ruwa. A kwashe duk shimfiɗar ƙasa, dusar katako ce ko ɓuntun shinkafa, da ciyawar gurbi, a zuba a buhu tun daga ciki don kada a watsa ƙwarin a tsakar gida, a kai nesa a ƙona. Kada a zuba ta a bayan akurki da niyyar taki, domin ƙwarin za su dawo da ƙafarsu. Idan ƙuma ce matsalar kuma daɓen ƙasa ne, a kankare saman ƙasar kamar faɗin yatsu biyu a haɗa da sharar, tunda a nan tsutsarta take.

Sannan a cire duk abin da ke ciruwa: sandunan kwana, akwatunan ƙwai, tsofaffin buhuna, kwali, tabarma, da duk wani katako da aka jingina. Abin da ba shi da daraja a ƙona shi. Sandar da ke da ɓawo a feƙe ta, wadda ta tsattsage a canja ta da mai santsi. Abin da za a mayar a wanke shi da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana tsaka, domin zafin ranar bazara kaɗai yana kashe da yawa daga cikinsu. A tafasa ruwa a butar ƙarfe a bi tsagogi da mahaɗar katako ana kwararawa a hankali. Tafasasshen ruwa yana kashe har ƙwai, abin da yawancin magungunan feshi ba sa yi. A akurkin laka wanda ba shi da rufin ciyawa, tsohuwar dabarar cusa kara a ciki a kunna wuta a babbake bangon tana aiki sosai, amma ba a yin ta kusa da danni ko rumbu, ba a yin ta ranar iska, kuma ba a yin ta bayan an fesa magani ko kananzir.

Bayan wannan sai toshe tsaga, kuma a ganina nan ne ake cin yaƙin ko a faɗi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kaska ma haka take. A yaɓe kowace tsaga da laka ko siminti, a shafe bangon sumul, idan ya bushe a shafa farar ƙasa. Farin bango yana da ƙarin amfani, domin ɗigon jini da kashin ƙwaro suna fitowa fili a kansa. Idan da hali a raba sandar kwana da bango, a dasa ta a kan ƙafafunta ko a rataye ta da waya, a shafa man shafawa mai kauri a wuraren da ta haɗu da wani abu, yadda duk mai rarrafowa da dare zai maƙale. Akurkin da ya tsufa ya zama tsaga ko'ina, rushe shi a gina sabo a wani gefe ya fi arha a kan sayen magani kowane wata. Kulle shi a bar shi babu kaji ba ya maganin komai, domin kaskar kaji tana iya yin shekaru ba ta ci ba tana jira.

Mataki na biyar: aikin jikin kaza

Ƙuma mai mannewa da basilin ake kashe ta. A lakato a shafa mai kauri a kan duk inda ta taru, ana kiyaye ƙwayar ido, ya toshe mata numfashi. Man kaɗanya ma yana yi. Bayan kwana ɗaya ko biyu za ta mutu, ko da gawar ta ci gaba da mannewa na ɗan lokaci. A maimaita bayan kwana biyu ko uku har kai ya washe. Mutane da yawa kananzir ko baƙin mai suke shafawa, kuma gaskiya yana kashe ƙumar, amma yana ƙona fata, yana lalata ido, yana kuma kashe 'yan tsaki, alhali basilin na yin aikin ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ƙafa mai kaushi a tsoma ta cikin ruwan ɗumi da sabulu na 'yan mintoci, a goge a hankali da tsohon buroshi, a tsane, a shafe ta da basilin daga yatsu zuwa gwiwa ana tura shi ƙarƙashin ɓawon. Ana yin haka sau biyu a mako har makonni uku ko huɗu. Kada a ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, jini zai fita. Ƙwaron yana mutuwa tun kafin ƙafar ta koma daidai, domin sabon ɓawo watanni yake ɗauka.

Ƙwarƙwata da ƙwaron gashin dubura su ne masu buƙatar hoda a jiki. A yi da dare lokacin da kaji suka yi laushi, a riƙe kazar, a cusa hodar har ta taɓa fata a kewayen dubura, ƙarƙashin fukafukai, ƙirji da bayan wuya, a kare ido da hanci. Gashin da ƙwan ƙwarƙwata ya dunƙule a gindinsa gara a yanke shi da almakashi a ƙona. Kuma kajin gidan duka ake yi wa rana ɗaya, har da zabi da agwagi da talotalo idan tare suke kwana. Wadda aka bari ita ce iri.

A tanadar musu wurin birgima a inda ruwa ba ya taɓawa: tsohuwar taya ko rami marar zurfi, a cika da rairayi mai laushi da tokar itace, rairayin ya fi yawa. Tokar ta zama ta itace ko ta kara zalla, ba wadda aka ƙona leda a cikinta ba, kuma a bushe, domin jiƙaƙƙiyar toka tana cin fata. Busasshen ganyen darbejiya a cikin gurbi yana taimakawa wajen rage ƙwari. Sai dai toka da darbejiya na tsare gida ne. Idan ƙwari sun riga sun yi yawa ba za su isa su kaɗai ba.

Mataki na shida: zaɓen maganin kanti

A je shagon magungunan dabbobi, a faɗi ƙwaron da aka gani da inda aka gan shi, idan da hali a tafi da samfurinsa a cikin kwalba. A nemi maganin da aka rubuta a jikinsa cewa na kaji ne, mai lambar rajistar NAFDAC ga wanda ke Najeriya. Na jiki daban, na fesa bango daban, kuma ba a musanya su. Waɗanda aka fi samu su ne dangin fametirin da saifametirin da deltametirin. A bi ma'aunin da ke jikin kwalbar daidai, a karanta adadin kwanakin da aka ce a jira kafin a ci ƙwai ko nama, a kuma kiyaye su. Ana fesawa ne cikin tsagogi da ƙarƙashin sanduna bayan an share an wanke, kaji suna waje, mai feshin ya rufe hanci da baki da hannu, kuma ba a mayar da kaji sai wurin ya bushe. Mai kyanwa ya sani cewa fametirin guba ne mai tsanani gare ta, haka ma kifi idan ruwan wanki ya gangara tafki.

Abin da za a guje wa gaba ɗaya shi ne ota-fiya-fiya da Sniper da maganin feshin gona. Sinadarin da ke cikin biyun farko yana shiga ta fata da numfashi, yana iya kashe kajin da kansu ya kuma illata yaran gida, kuma tun a 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni. Maganin ƙumar kare ma ba na kaji ba ne. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai bayan an gano cewa an yi amfani da sinadarin fifronil, wanda aka haramta a dabbobin da ake ci, wajen kashe jan ƙwaron dare a gonakin kaji na Holan da Beljiyam. Abin da aka zuba wa kaza yana fitowa a ƙwanta, kuma a gidajenmu yara ne ke cin ƙwan. Haka nan allurar ibamektin, wato maganin tsutsa da ƙwari na dabbobi, da wasu ke ɗiga wa kaji, kada a yi ta sai da umarnin likita, saboda ita ma tana sauka a ƙwai.

Mataki na bakwai: maimaitawa da tsare ƙofa

Yawancin magunguna manyan ƙwari suke kashewa su bar ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda. Wanda ya yi sau ɗaya ya tsaya ya kashe maciji bai sare kansa ba. Ga jan ƙwaron dare a sake feshi bayan kwana 7, a kuma sake bayan wasu 7. Ga ƙwarƙwata a sake hoda bayan kwana 7 zuwa 10. Ƙuma mai mannewa ta fi jan lokaci, domin daga ƙwai zuwa babba takan ɗauki wata guda ko fiye a cikin ƙasa, don haka a ci gaba da share daɓe da duba kawunan kaji har wata biyu. Kaska kuwa a riƙa haska bango da dare sau ɗaya a mako har tsawon bazara. Kajin da suka yi asarar jini a ƙara musu abinci mai gina jiki da ruwa mai tsabta, za a ga zanko yana dawo da jansa cikin makonni kaɗan.

Sauran aikin shi ne sanin ta inda suka shigo. Hanya mafi girma ita ce sabuwar kaza, ta kasuwa ce ko ta kyauta, musamman gab da salla lokacin da ake ta shigo da kaji gida. A ware ta a keji daban na mako biyu, nesa da akurki, a bincike ta kamar yadda aka bayyana a mataki na ɗaya ranar da ta zo da kuma ranar da za a haɗa ta da sauran. Cikin waɗannan kwanaki 'ya'yan kaskar da ke jikinta za su sauka a cikin kejin, sai a zuba masa tafasasshen ruwa. Kwandon da aka kawo ta a ciki da tiren ƙwai na kwali da ya zaga gidaje kada su shiga akurki. A cire sheƙar tsuntsaye daga rufi, a nisanta ɗakin tantabaru, a toshe ramukan ɓera, domin ɓera da kare da kyanwa duk suna ɗaukar ƙuma mai mannewa, kuma a gefen kunnen kare ake yawan ganin ta. Duk kazar da za ta fara kwanci a canja mata ciyawar gurbi tun ranar farko, a duba ƙarƙashinta da tocila sau ɗaya a mako, idan ta ƙyanƙyashe kuma a ƙona ciyawar a wanke gurbin kafin wata ta hau.